Jan Kunun Bakin Mashigi

In na ce maka akwai shekarar da yashin bakin kogin Wudil ya rine ya koma ja, daga mashiginmu har inda mata ke wanki, za ka ce tsohon nan ya soma sakin baki. To ka ce. Ni dai da idona na gani, kuma ba gani kawai na yi ba, da bakina aka rina shi. An san ni da ƙari, ban musa ba. Ni ne na taɓa gaya wa mutanen Dagumawa na kama tarwaɗar da sai da aka ɗaure ta da igiyar shanu, ta kwana tana kuka kamar maraƙi. Amma wannan labarin ko gishiri ban sa masa ba. Da gishirinsa ya zo, har ya yi yawa.

Jikata ce ta tono mini shi. Ta dawo daga makaranta tana tsotsar wata alawa mai tsinke, ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai na ga harshe ja wur, leɓe ja, har haƙora. Ban san lokacin da carbi ya suɓuce daga hannuna ba. Na riƙo haɓarta ina cewa ta yi tari in ji. Yarinya ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai angonta ya tsufa har alawa na ba shi tsoro, ita ta fasa auren. Uwarta ta leƙo daga madafi ta ce, "Baba, kala ce fa, ta kanti." Kala. Yanzu ja a 'yar kwalba yake zuwa ko a ƙullin leda, a ɗiga kaɗan tukunya ta koma kamar an yanka rago a ciki, ba wanda ya san gonar da ya fito, ba wanda ya tambaya. Mu a zamaninmu ja shuka shi ake yi, a jira shi ya nuna. Akwai zoɓo, akwai tattasai, akwai manjan da fatake ke kawowa daga kudu, wanda sai gidan da ke ji da kansa. Sannan akwai babbansu, karan dafi. Dawa ce, amma ba don ƙwayarta ake shuka ta ba, zangarniyarta ko tsuntsu sai ya rasa abin yi yake sauka a kai. Layi ɗaya ko biyu ake ja mata a gefen gona. In kaka ta yi, rigar da ke jikin karan, gindin ganyen nan da ya naɗe shi, sai ta yi ja har ta nemi komawa baƙa. Ita ake ɓarewa, a shanya, a ɗaure a soke a rufin ɗaki. Dukawa ne manyan masu saye, da shi suke rina fatar akuya. Mata kuwa su ɗan ɓalla su jefa a tukunyar wake da shinkafa, ko a dafa wa maijego don jininta ya dawo. Yau ka shiga kasuwa ka ce a ba ka karan dafi, sai yaro ya nuna maka wajen masu sassaƙe-sassaƙe.

Lokacin da nake ba ka labarinsa ana ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, amma ko kaya ba su fara ɗaurewa ba. Ni kuwa gashin baki ya fara tsiro mini, ina jin duk duniya ba wanda ya kai ni baki. Ubana mai fito ne. Kwalekwalensa ɗaya da doguwar gora, yana haye da mutanen ƙauye a wani mashigi da ke can ƙasa da gari, nesa da inda motocin gyaɗa ke bi. Kogin nan da kake gani yanzu yana tafiya rani da damina kamar ma'aikacin gwamnati, da ba haka yake ba, ba a ɗaure shi da madatsar ruwa ba tukuna. Da rani yashi ne fari fat da 'yan kududdufai, jaki ma ya taka ya wuce. Da damina kuwa sai ka ji shi kafin ka gan shi, yana gurnani daga yamma, ya taho da itatuwa da kumfa da gawar akuya. Ranar kasuwa tun da sassafe za ka ji ana ƙwala kira daga ƙetare, "A kawo jirgi," ga kukan shanu, ga sautin daka daga cikin gari yana amsawa gida-gida. Baba ba ya amsa kira da baki. Gora kawai zai ɗauka. Mutum ne da in ya yi maka magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, ba a taɓa jin ya faɗi abin da ba haka yake ba. Mutane kan ce duk maganar da Allah ya rage masa ni aka zuba wa, har da ragowar ta maƙwabta.

Kafin wannan shekarar, tari ya shiga wani gidan magina tukwane a unguwarmu. Ba irin tarin mura ba, wanda mutum ke ramewa yana tofar da jini. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki kamar mai rabon goron biki. A cikin waɗanda ya ɗauka har da 'yar mai unguwarmu da ke aure a gidan, ita da jaririnta. Daga ranar mai unguwa ya zama wani mutum daban. Ya tara dattawa aka yanke magana: duk wanda aka ga ya tofar da jini, a yi masa bukka a ƙetaren kogi, can cikin sarƙaƙiya, ya zauna har Allah ya yi ikonsa. Asibiti yana Kano, kuma a lokacin an ɗauka wanda ya shiga ba da ƙafarsa yake fitowa ba. Tsohon da ya rage a gidan maginan shi aka fara kaiwa can, kuma Baba ne ya tuƙa shi. Akwai wani faffaɗan dutse nesa da bukkar, nan ake ajiye masa tuwo a juyo da sauri. Wata rana aka tarar da na jiya ba a taɓa ba, tururuwa sun lulluɓe shi. Aka ɗaga kai aka ga ungulaye suna kewaya sarƙaƙiyar a hankali, ba sa gaggawa. Tun daga nan mai unguwa ba ya tafiya kansa a ɗage. Ƙasa yake kallo. In ya ga tofi mai ɗan ja sai ya tsaya, ya tona da bakin sandarsa, ya sunkuya, ya tambayi na waye.

To a ƙarshen damina ina kwashe ruwa daga cikin kwalekwale, Baba ya yi tari ya tofar a kogi. Na ga wani jan zare ya miƙe a kan ruwa, ya lanƙwasa, ya bi igiyar ruwa ya tafi. Ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa kan kwasar ruwa kamar an ce za a ba ni sarauta in na gama.

Inna ta riga ni sani, don ita ke wanki. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, "kai wannan" take ce mini. Ta tura ƙannena gidan Goggo, ta aike ni kasuwa in sayo zoɓo da goro da ɗan manja a kasko, ta sauko da ƙullin karan dafi daga rufin ɗaki, ta ja ƙyaure. Ta shimfiɗa wani farin tsumma a ƙasa. A tsakiyarsa ga tabon abin da ya fito daga ƙirjin Baba. Shi kuma yana zaune a gefe ya haɗa kai da gwiwa. Ta tauna goro ta tofa kusa da tabon, ta duba.

"Wannan jan tsatsa ne," ta ce. "Makaho ma ya san tofin goro. Kuma mutumin da bai taɓa cin goro ba in ya fara da tsufa, sai an tambaya."

Ta ɗiga ruwan zoɓo. Da fari kamar ya yi, da ya sha iska sai ya karkata wajen shuɗi. Manja ya yi ta ƙyalli yana maiƙo, ta ture shi da ƙafa. Sannan ta daka karan dafi ta zuba a ruwan zafi. Ruwan ya fito wani ja-ja mai rauni, kamar an wanke tsohuwar tukunya. Na buɗe baki zan ce shi ma bai yi ba, sai ta ɓalli kanwa ta jefa. Ruwan ya juya a gabana. Na sha ganin mahauta suna yanka, na san yadda kwatarniya ke cika, to haka ƙwaryar nan ta koma. Ta tsoma ɗan yatsa ta ɗiga a kan tsumman. Na duba, na sake dubawa, na kasa cewa ga na Baba ga na kara.

Baba ya ɗago ya ce, "Ni ba zan yi wa mutane ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi, Malam?" in ji Inna. "Kai dai abin da aka ba ka ka sha, ka yi shirunka da ka saba. Ƙarya ga mai ita nan Allah ya ba mu har gida, kullum muna ciyar da shi a banza." Ta nuna ni da ludayi. "Kai wannan, yau ranarka ta zo."

Ba a taɓa ba ni aikin da na iya kamar wannan ba. Inna ta fara dama kunun kanwa na gero da ruwan karan dafi, ƙanwata ta kai bakin mashigi a tulu. Ni kuma na hau kan kifaffen kwalekwale na buɗe baki. Na ce wani Buzu ne da Baba ya tsamo daga ruwa ya ba mu sirrin don godiya. Na ce wani ɗan Lajawa ya sha ludayi biyu, sansa ya ƙi tafiya a kasuwar shanu, ya saɓa shi a kafaɗa ya kai gida. Na ce wata tsohuwa ta sha sati ɗaya haƙoranta suka sake tsirowa, yanzu 'ya'yanta na ɓoye ƙashi in an yi yanka. Na ce jakin wani ya lashi ludayin, ya riga motar gyaɗa isa Kano, har ya tsaya yana jiran ta a ƙofar gari. Ana dariya ana cewa Allah ya shirye ka, ana kuma miƙo ƙoƙo. Sai na kafa masa doka, don ita ce gaba ɗayan abin da muke nema. Na ce kurɓar farko ba a haɗiye ta. Ita ke kwaso ciwon da ke jiki, a kuskure baki da ita sosai a tofar a ƙasa, in ba haka ba ciwon ya koma ciki ya ninka. Kuma duk yinin ranar, in yawu ya taru, a tofar, kada a yi rowa.

Jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Masu shanu, masu tukwane, 'yan dako, masunta, kowa ka gani leɓe ja kamar ya ci ɗanyen nama. Samari suka mai da shi ado, har gasa ake yi wa zai fi nisan tofi, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa kayar da ni ba. Da rani ya yi ruwa ya janye, farin yashin nan ya koma kamar zanen atamfa. A gidanmu kuwa komai ja ne. Kunu ja, wake ja, dambu ja, tuwo ma sai da Inna ta rina shi, har kajinmu da ke tsattsagar ragowa na fara zargin za su yi jan ƙwai. Mai unguwa ya zo da sandarsa ya tsaya a bakin yashi. Ya tona wannan, ya tona wancan, ya dubi gabas ja, ya dubi yamma ja. Ya kira ni.

"Kai ɗan mai fito, mene ne wannan kuka mai da bakin kogi kamar mayanka?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ciwon jama'arka ne ke fita. Wancan babban na ciwon baya ne. Wannan ɗan ƙaramin na wani ne da surukarsa ta zo kwana biyu ta shekara."

Bai yi dariya ba, ya daina tun rasuwar 'yarsa. Ya rage murya ya ce, "Yana yi wa gwiwa?"

"Gwiwa ai ita ce sana'arsa, ranka ya daɗe. Sauran duk taimako yake yi."

Daga ranar kullum sai an kai masa ƙwarya guda. Ya ce wai har ya fara sujada ba tare da ya dafa bango ba. Mutumin da ke farautar jan tofi ya koma yana tofar da nasa a ƙofar gidansa.

Kada ka ɗauka Inna ba ta tsoron Allah. Ƙoƙon Baba daban, ludayinsa daban, ta ƙona musu alama da wuta, ba sa haɗuwa da na kowa ko a wajen wanki. Ta mai da shi kwana a zaure, ta ce wa ƙannena zafi ne ya kore shi. Ko inuwarsa ba ta bari ta faɗa kan tukunyar sayarwa. Abu ɗaya ta rantse a kai, mijinta ba zai ci tuwo daga kan dutse ba.

Ni ina ta barkwanci a sama, a ƙasa kuwa ina ganin abin da ba wanda ke gani. Rigar Baba ta fara yi masa yawa. Tabarmarsa da safe sharkaf da gumi kamar an yi mata ɓarin ruwa. Jansa ya fara canzawa, yana ƙara haske, yana zuwa da kumfa. Inna ta riƙa bin sa da kanwa, yau ta ƙara, gobe ta rage, tana gwadawa a tsumma kamar mai rini, don kada na tukunya ya bambanta da na ƙirji. Mun rufe idon gari duka, amma akwai waɗanda suka ƙi ruɗuwa. Ƙudaje. Yashi cike da jan tofi, sai su tsallake na kowa su taru a kan guda ɗaya, baƙi ƙirin. Aikina ya koma in riƙa bin Baba a baya ina zuba labari, hannu na nuna sama yadda jaki ya yi tsalle, ƙafa kuwa tana tura yashi a kan abin da ya bari.

Sai aka fara lissafin wata. Tsofaffi a gindin tsamiya suna cewa saura kaɗan, bana azumi da ruwan farko zai zo. Ranar da na fara jin haka ina tsakiyar ba da labari, sai na yanke shi ban ƙarasa ba. Ba wanda ya tuna da wannan a cikinmu, ko Inna da duk dabararta. In azumi ya kama, daga asuba har faɗuwar rana ba mai sa komai a baki. Kuma ka san mutanenmu da azumi, ba sa yarda su haɗiye ko yawunsu, tafiya kaɗan tofi, magana kaɗan tofi. Gari duka zai yini yana tofar da fari. Mutum ɗaya ne zai tofar da ja.

Na kawo dabaru kamar buhu. Na ce a ce ya yi tafiya. Inna ta ce mai fito ya yi tafiya ruwa na zuwa, wa zai yarda. Na ce a ce ba shi da lafiya ya kwanta a ɗaki. Ta ce kafin azahar 'yan dubiya sun cika zaure, mai unguwa a gaba. Na ce to ya ajiye azumin, ai mara lafiya an yi masa sauƙi. Baba ya ce, "In sun tambayi ciwon fa?" Ya ɗan huta, ya ƙara da cewa, "Tun ban kai ka ba nake azumi. Ban san ko zan ga wani ba. Wannan zan yi shi." Inna ta samo wani ɗan ƙaramin gora mai marfi ta ɗaura masa a cikin riga, in abin ya taso ya juya baya ya zuba a ciki. Kunu ya koma na buɗa-baki, ana sha bayan magariba, kafin gari ya waye an kuskure baki ya tafi.

Aka ga wata. Ruwa ya sauka a yamma, kogi ya taho da gurnaninsa ya share jan yashin nan tas a yini ɗaya, duk wahalar bakina ta bi ruwa. Da ya ɗan lafa sai ya bar sabon yashi a bakin mashigi, fari, mai laushi, ko sawun tsuntsu ana gani. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani tsabtar yashin nan ba. Kwanakin farko muka lallaɓa. Ni ke tuƙi, Baba na zaune a baya yana juya wa mutane ƙeya, wai yana duba igiyar ruwa.

Ranar kasuwa ta zo, kuma ruwa ya ƙaru da safe. Muka ɗebo mutane daga ƙetare, da buhuna, da awaki a ɗaure, kwalekwale ya nutse har leɓe. A tsakiya igiyar ruwa ta kama mu ta fara juya mu. Na kafa gora, ta ƙi kama ƙasa. Wata mata ta fara salati. Ni mai cewa ɗan Lajawa ya ɗauki sa, hannuna ya koma kamar dafaffiyar kuɓewa. Baba ya tashi ya karɓi gorar. Ya kafa, ya danna da ƙirjinsa, ya sake kafawa, ya sake dannawa. Ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya kai mu gaci, kowa ya sauka lafiya, har awakin.

Bakin mashigi cike yake, mai unguwa na tsaye cikin farar riga zai wuce masallaci. Baba ya taka yashi, ya lalubi ɗan goran da ke cikin rigarsa. Bai kai ga marfin ba. Tarin ya naɗe shi biyu. Abin da ya zubo ba tofi ba ne, ya fi cikin ludayi, ja mai haske, da kumfa, a kan farin yashi, taku kaɗan daga takalmin mai unguwa.

Hayaniyar kasuwa ta ɗauke kamar an rufe tukunya. Mutane suka ja da baya suka bar mu a fili. Rana tsaka, kowa leɓensa a bushe fari. Na ga ƙuda na farko ya sauka.

Bakina ya buɗe da kansa. Na tuntsire da dariya har ina dafa gwiwa, na ce, "Shi ke nan, Baba, asiri ya tonu, na gaji da rufa maka. Jama'a, kunu ne. Da hantsi na kama shi a bayan kwalekwale da ƙoƙo a baki, ya ce zafi ya yi yawa, in na yi shiru zai bar mini gorar tuƙi gado. Kun ga mai shiru-shirun nan? Tun ranar farko yake sha. Tulun Inna kullum da safe sai a tarar ya ragu, muna ta dukan kyanwa a banza."

Wani ya yi dariya daga baya, wani ya kama. Na ji iska ta dawo wa mutane. Wani ɗan dako ya ce, "Ashe mai fito ma ɗan'uwanmu ne." So suke su yarda, na gani a fuskokinsu. Wanda ya sha kunu da rana abin da zai same shi sananne ne, liman ya yi masa faɗa, ya rama, yara su yi masa waƙa har Sallah, a riƙa nuna shi shekara da shekaru. Amma a gidansa zai kwana. Har mai unguwa na ga kafaɗunsa sun sauko. Bai tona da sanda ba, karo na farko. Ya dubi Baba kamar mai roƙo ya ce, "Mai fito, ɗan nan naka ba a kama maganarsa. Kai nake tambaya. Ka sha?"

Ba sai ya yi magana ba. Kai kawai zai gyaɗa. Ko shirun nasa da ya saba ya yi, da an ɗauka kunya ce, an wuce wurin. Na matsa kusa da shi ina murmushi, ina taka masa ƙafa da ƙarfi. Ya share baki da bayan hannu, ya dubi hannun, ya dubi ƙetaren kogi inda sarƙaƙiyar take. Ya daɗe yana kallon ta.

"Ban sha ba, ranka ya daɗe," ya ce. "Da azumi a bakina."

Ni na tuƙa shi washegari, a cikin kwalekwalensa, da tabarmarsa da buta da ƙoƙon nan mai alamar wuta. Ba wanda ya rako mu bakin ruwa sai Inna. A tsakiyar kogi na kasa daurewa na ce, "Baba, da ka gyaɗa kai sau ɗaya fa, da an wuce wurin." Ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma wata da watanni kana yi mini ƙarya a kan kunu na yi shiru, don kunu na uwarka ne. Azumi ba nata ba ne, ba nawa ba ne." Sannan ya ce in riƙa kafa gora daga hagu, ina ɓata ƙarfi.

Kasuwar kunu ta mutu a ranar. Waɗanda suka yi ta gasar tofi da ni suka koma suna tsallaka hanya in sun hango ni, kowa na taɓa ƙirjinsa yana gwada tari a ɓoye. Kullum da la'asar Inna ta ɗauki tuwo a kai, in haye da ita. Ta wuce dutsen nan ko kallonsa ba ta yi, ta shiga har cikin bukkar, ta zauna sai ya buɗe baki ya ci a gabanta. Dattawa suka aiko a gaya mata ba haka aka yanke ba. Ta ce an yanke a kai shi ƙetare, an kai, ba ta ji inda aka yanke mata saki ba. Baba ya cika azuminsa a can. Ya ga damina har ƙarshenta. Karan dafin da ke gefen gonarmu yana fara yin ja, Baba ya cika, Inna na riƙe da kansa. Ungulu ko ɗaya ba ta kewaya ba.

Amma tun yana da rai, ana jibi Sallah, muna bakin mashigi da la'asar Inna na shirin shiga kwalekwale da akushi a kai, sai ga mai unguwa yana ɗingishi, yana dogara sanda. Ya tsaya nesa, ya ja bakin rawani ya rufe hanci. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mai jiki, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa. Ya yi ta kewaye-kewaye yana tona yashi da sanda. Can ya ce, "Uwar gida, gwiwar nan ta dawo, ko ruku'u ba na iyawa. Na ce ko za a ɗan dama mini jan kunun nan. A sabuwar tukunya dai. Ko ludayi ɗaya ne."

Inna ta gyara lulluɓi, ta sa ƙafa ɗaya a cikin kwalekwale, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ja ya ƙare a gidanmu. Ɗan abin da ya rage yana ƙirjin mijina, kuma kai ka sa aka kai shi ajiya ƙetare. In kana so, ga jirgi, shigo mu je ka ɗebo da kanka."